Bangon da Ya Yi Baƙin Gumi

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya san abin da ke cikin bango da abin da ke cikin ƙirji.

Nura, Sadiya, Abba, na daɗe ina kewaya labarin wata shekara guda. Na rubuta muku labarin unguwarmu da na tukubar kakanku, na rubuta yadda na hau jirgi karon farko ina riƙe da kujera kamar za a ƙwace ta, amma duk sanda na iso nan sai in ajiye biro in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da mahaifiyarku ta faɗa mini a waya. Ta ce a wajen suna a gidan Baffa Sale an nuna Nura da baki, an ce ga ɗan wanda ya sayar da yayansa ga Sinawa. Ta ce yaron bai tanka ba, ya ajiye kwanon abinci ya fita. Na gode masa. Amma shiru kaya ne mai nauyi, ni na ɗauke shi shekaru, ba na so ku gaje shi. Da can baki kawai gare ni, in na faɗa iska ta kwashe. Yanzu da Allah ya sa na koyi rubutu da furfura a gemuna, bari in ajiye maganar inda za ku same ta ko ba na nan.

Baffanku Sale shi ya kawo ni Guangzhou. Wannan ba zan taɓa ɓoye shi ba, ku ma kada ku ɓoye. Ya riga ni zuwa da daɗewa, yana saya wa 'yan kasuwar Kano jakunkunan mata a Shiling, garin da ko'ina ka juya fata ce da zif da ƙarar keken ɗinki. Ya lura mutanenmu suna wuni a kasuwa da yunwa, suna tsoron abincin gari saboda alade, ba su da abin ci sai burodi da taliyar Musulmin ƙasar. Sai ya tuna yana da ƙane mai tsire. Shi ya yi mini takardu, shi ya tarye ni a filin jirgi, shi ya ba ni rigar sanyinsa. Yakan ce wa mutane hannun Habu zinariya ne, bakinsa ne dai aka manta ba a buɗe ba. Ina jin daɗin wannan zolayar.

Gidan da ya kama mana yana wani ƙauye a bayan Shiling, tsohon bene ne na bulo, a matse tsakanin wuraren ɗinkin jaka, iskar wurin duk warin gam. Ƙasa namu, sama na wata tsohuwa ce, mahaifiyar mai gidan. Kowa yana ce mata Apo, wato kaka. Ɗanta kuwa Laoban muke ce masa, yadda ake ce wa kowane mai shago a nan. A unguwar Tianhe yake zaune, can cikin birni, cikin dogayen benaye, yana harkar wayoyi, ba ya zuwa sai ranakun bukukuwansu. Ya yi ya yi ta koma wajensa ta ƙi. Tana da 'yan kajinta a bayan gida, da tukwanen albasa a bakin taga, da hoton mijinta a bango.

A ɗakin girki akwai wani katafaren murhu na bulo, irin na mutanen da. Hayaƙinsa ba ya fita ta ƙofa. An gina masa hanya a cikin bango, ta hau sama, ta bi ta gefen ɗakin Apo, ta fita ta rufi. Ranar da aka yi cinikin haya, Laoban ya sa tafinta ya gaya mana cewa murhun nan bai ga wuta ba tun rasuwar mahaifinsa, kuma shinkafa da ruwan zafi kawai ya sani. Ya ce in za a riƙa hura babbar wuta, dole a zura bututun ƙarfe a cikin hanyar hayaƙin tun daga ƙasa har sama, domin bulon ya tsufa. Yaya ya ce wa tafinta ya gaya masa shayi kawai za mu riƙa dafawa. Da suka tafi ya dube ni.

“Ka ji Sinawa, Habu? Har hayaƙi sai an yi masa kwalta.”

Muka yi dariya mu biyu. Ku fahimce mu. Mu a fili muka tashi. A tukubar kakanku hayaƙi ba shi da hanya, sama duka tasa ce. Wanda ya shiga idonsa ya matsa gefe, shi ke nan. Ban taɓa sanin hayaƙi yana da jiki ba, ban san idan aka kulle shi a rami yana barin kashi kamar kowace dabba ba.

Sana'a ta karɓe mu. Na ɗora raga a bakin murhun, na samu wani mutum yana kawo mini itacen lici, wani ɗan itace ne nasu mai zaƙi, icen yana da nauyi kamar marke kuma ƙamshinsa yana kama nama. Yaji da ƙuli daga Kano ake taho mana da su a cikin kayan matafiya. Kafin a jima motoci sun fara tsayawa a bakin lungu. Mutanen Kano, mutanen Maraɗi, har 'yan Gana. Akwai wani Alhaji Isuhu, Bamaraɗe mai sayen jakar makaranta, wanda ba ya zama sai ya leƙo wajen wuta ya kira ni maigida da Faransancinsu ya ce, “Patron, yau mi ka yi muna? In balangun jiya ne, ka ba Kanawa.” Yaya yana kan kujera a bakin ƙofa, yana karɓar baƙi, fuskarsa tana sheƙi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake gani ba.

Ni kuwa na saba da Apo ta hanyar kwano. Tarbiyyar Inna ce, ba a girki maƙwabci yana jin ƙamshi a hana shi. Kullum da la'asar nakan zuba mata romo da nama mai laushi in kai bakin matattakala. Da safe in tarar da kwanon a wanke, amma ba ta taɓa mayar da shi haka nan ba. Yau lemo biyu, gobe ƙwai, jibi wani ganye da ban san sunansa ba. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Abin da ke tsakaninmu nihau ne da shiye-shiye, sannu da na gode. Ya ishe mu.

A garin nan, idan sanyi ya fara janyewa, akwai wani lokaci da iska take jiƙewa har bango ya riƙa gumi. Ƙasa ta yi santsi, madubi ya rufe, wanki ya kwana uku bai bushe ba. A irin wannan lokacin ne wata rana na kai kwano na ji tari daga sama, irin tarin da ba ya ƙarewa sai mutum ya rasa numfashi. Na yi sallama na hau, karon farko ke nan. Na tarar da ita tsaye da tsumma tana goge bangon da gadonta yake jingine da shi. Duk sauran bangon ɗakin farin ruwa suke zubarwa. Wannan kuwa baƙi yake zubarwa, mai kauri kamar miyar kuka da ta kwana, yana bin wata tsaga daga sama har ƙasa. Na ɗora hannuna. Bangon da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Na shinshina tafina, sai na ji warin da na fi sani a duniya. Kitsena ne da yajina. Duk maiƙon da na gasa tun zuwanmu ya hau ya haɗu da kunkunniya ya kwanta a cikin bulo, ya sami tsaga, yana fitowa daidai inda tsohuwa take ajiye kanta. Tagoginta kuma a rufe saboda laima.

Na sauko na gaya wa Yaya. Na ce a kira masu bututun nan. Ya ce in an kira su sai sun hau rufi, in za su hau rufi sai Laoban ya sani, in ya sani zai tambayi wane irin shayi ne yake da kitse. Daga nan sai batun takardar izinin sayar da abinci, wadda ba mu da ita. Ya ce in bari babbar kasuwar baje koli ta zo ta wuce, baƙi su ragu, sannan ya san yadda zai lallaɓa Laoban. Na ce tsohuwar ba za ta jira kasuwa ba. Sai ya miƙe ya ce mu je ya tambaye ta da kansa, tunda shi ya fi ni jin yaren.

Yaren da Yaya yake ji na kasuwa ne. A kasuwa in ka tambayi kaya aka ce maka meyo, to babu, kada ka ɓata lokacinka, wuce shago na gaba. Muka hau. Ya gaishe ta da fara'a, ya nuna bangon, ya nuna ƙirjinsa, ya ce, “Wanti?” wato akwai matsala? Apo ta ɓoye tsumman a bayanta, ta kaɗa hannu tana murmushi.

“Meyo, meyo.”

A matattakala Yaya ya buɗe hannuwa. “Ka ji da kunnenka. Mai ɗaki ta ce babu.”

“Yaya, wannan ba meyon kasuwa ba ne.”

“To na ina ne, malamin Sinanci?”

“Na Inna ne.”

Ya tsaya. Ya san abin da nake nufi. Kakarku ta yi wata da watanni tana ciwon ciki, duk wanda ya ce mata ya jiki sai ta ce da sauƙi. Mu biyu muna zaune a gabanta ranar da ta kasa ɗaga kofi, muka tambaye ta, ta ce da sauƙi. Ba ta kai Juma'a ba. Tsoho ba ya faɗin ciwonsa ga baƙo, wannan ba sai an je makaranta ba. Apo kuma tana da nata dalilin, ko makaho ya gan shi. Ranar da ɗanta ya ji ba ta da lafiya, ranar za ta bar kajinta da gidan mijinta. Yaya bai fi ni rashin sanin wannan ba. Ya zaɓi ya ji ta da kunnen ɗan kasuwa ne kawai.

“Kada ka ƙara sa Inna a maganar nama,” in ji shi. Ya sauka.

Kun san ni da haƙuri, har mahaifiyarku takan ce ya yi yawa. Na yi shi. Na rage wuta, baƙi suka yi ta jira suna tsaki. Na gwada gashi a kan gas, Alhaji Isuhu ya ɗanɗana ya ture faranti ya ce wannan naman asibiti ne. Yaya ya sa aka dawo da ice. Na ce a fitar da murhu tsakar gida, ya ce so nake duk ƙauyen su ga hayaƙi su kira hukuma. Na hau na nuna wa Apo ta matsar da gadonta, na buɗe mata taga, ina sauka ta rufe abarta. Kowace safiya da na ƙyasta ashana sai in ji kamar a ƙarƙashin gadonta nake hurawa.

Wata rana da azahar, wuta tana ci sosai domin ana jiran baƙi daga unguwar Liwan, na ji wani abu ya faɗi a sama. Na haura a guje. Tana zaune a ƙasa a bakin ƙofarta, ta yi amai, idonta yana juyawa, ta dafe kanta da hannu biyu. Na ɗauke ta na fito da ita iska. Ba ta fi nauyin ɗan akuya ba. Da ta farfaɗo ta gane ni, abin da ta fara faɗa shi ne meyo.

Na shiga ɗakin girki na ɗauki bokiti na sheƙa wa wutar ruwa. Mai tsire ba ya kashe wutarsa da ruwa, kakanku zai mari mutum a kan haka. Yaya ya shigo ya tarar da toka tana tururi, nama ya jiƙe. Bai ɗaga murya ba saboda baƙi.

“Ni na kawo ka ƙasar nan, Habu.”

“Na sani, Yaya. Amma ba zan ƙara hura ta ba sai an sa bututu.”

“To ni ma ɗan mai tukuba ne.”

Washegari shi ya hura da hannunsa.

Ana nan sai ranar da mutanen nan suke zuwa share kaburburan iyayensu ta matso. Yaya ya san Laoban zai zo. Tun ana gobe ya hana wuta, aka wanke ɗakin girki, aka ɓoye raga da tsinke, aka ɗora buta a kan murhu. Sannan ya hau sama, shi da Apo suka tura kabad ɗin kayanta ya rufe tsagar. Ina jin ƙarar jan katako daga ƙasa, har da dariyarta da tarinta. Su biyu sun fahimci juna ba tafinta. Da ya sauko ya ce mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Laoban ya zo da hantsi da matarsa. Suka je maƙabarta suka dawo, ya leƙo ya gaishe mu, Yaya ya miƙa masa shayi. Ya sha, ya ce shiye-shiye, ya nufi mota. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na dubi Yaya, ya girgiza mini kai kaɗan. Ina so ku sani na ga wannan girgizar, kuma na san abin da za ta ci mini. Na bi Laoban na kama hannun rigarsa. Ba ni da kalmar da zan faɗa masa. Na ja shi muka hau bene, na sa kafaɗa na ture kabad ɗin, na kama hannunsa na manna a bango. Ya ɗago tafinsa baƙi ƙirin yana danƙo. Ya shinshina. Ya dubi gadon, ya dubi mahaifiyarsa. Ita kuwa ni take kallo.

Abin da na yi ke nan. Babu ƙari. Ban je ofishin kowa ba, ban karɓi komai a hannun kowa ba.

Laoban bai yi ihu ba, bai kira 'yan sanda ba. A ranar ya tafi da ita asibiti, aka ce hayaƙi ya taɓa ƙirjinta. Ya aiko tafinta ya ce mu tashi kafin ƙarshen wata. Yaya ya kwashe kayansa a cikin kwana biyu ya tafi ya bar ni. Ranar Juma'a a harabar masallaci na fara ganin mutane suna gajarta gaisuwa. Alhaji Isuhu, mai ce mini patron, ya ba ni yatsu uku ya wuce. Daga baya na ji abin da ake faɗa, wai na haɗa baki da Laoban ne a kori Yaya in gaje wurin ni kaɗai. Maganar ta riga ni isa Kano. Ku tambayi masu faɗar haka wane wuri na gada. Tun daga wannan shekarar har yau kwali nake ɗaurewa a ɗakin ajiyar jakunkuna, hannun da aka ce zinariya ne salatif yake ja. Ba Bahaushen da ya sake neman in gasa masa nama a garin nan.

Apo ta dawo sau ɗaya, ɗaukar kayanta. Na tsaya a gefen matattakala in gaishe ta. Ta wuce ni tana rungume da hoton mijinta, ba ta ɗago kai ba. An raba wa maƙwabta kajin. Bayan motar ta tafi na ga kwanona a kan matakin farko, a wanke, a kife. Na ɗaga shi. Babu komai a ciki.

Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na dafa. Ba wanda ya gaya mini romon ɗaci gare shi.

Bututun kuwa an sa shi. Ina wucewa wata safiya na ga mutum biyu a kan rufin, suna zura wani ƙarfe mai walƙiya kamar hanjin rago. Na tsaya a tsallaken titi ina kallo. Kafin la'asar sun gama sun tafi. Aikin da ya raba ni da ɗan'uwana bai kai wuni guda ba. Wani mai gasa agwagwa ne ya kama gidan, har yau hayaƙinsa yana fita ta sama lafiya lau.

Bayan wasu shekaru Yaya ya tattara ya koma gida. Na kira shi a kowace Sallah, bai taɓa ɗauka ba. Na aika a ba shi haƙuri, ba don na yi laifi ba, don shi ne babba. Ya ce wa ɗan aiken ba shi da ƙane a Sin. Da ciwo ya kwantar da shi, Hajiyarsa, Allah ya saka mata, ta kira ni ta kanga masa wayar a kunne. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Na shirya maganganu da yawa, duk suka gudu.

“Yaya, Habu ne. Ya jiki?”

Can ya ce, “Da sauƙi.”

Wannan ce kaɗai maganar da ta shiga tsakaninmu tun ranar kabad. Na san ta, shi ma ya san na san ta. Har yau ban gane ba ko sallama ya yi mini, ko kuwa amsar da ake ba baƙo ya ba ni. A makon ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana baki ɗaya.

Ba na so ku riƙe 'ya'yansa a zuci. Abin da aka gaya musu suka sani. Ku je gidan ku gaishe su, in sun amsa to, in ba su amsa ba ku koma wata Sallar. Nura, in an sake nuna ka, ka ci abincinka, ba ka sata ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ni ma na fara jin wani abu a ƙirjina in laima ta sauko, shekarun tsayuwa a kan wuta ba sa tafiya haka nan. Wata rana za ku kira ku ce Baba ya jiki, kuma na san abin da bakina zai faɗa, domin ɗan Inna ne ni. Kada ku karɓa. Ku ture kabad ɗin, ku ɗora hannu a bango.